AMSAR WASIƘUNKU: Tsoron Allah, Daga Bakin Mudu Har Wurin Sujada

   

A wannan mako mun ware wasiƙu huɗu. Ko da yake daga wurare dabam-dabam suka fito, kuma masu su ba su san juna ba, duk a kan abu ɗaya suke tambaya, wato tsoron Allah kamar yadda Littafi Mai Tsarki ya koyar: mene ne shi, a ina ake ganin sa, kuma me ya haɗa shi da biyayya da sujada. Kamar yadda muka saba, ba za mu faɗi sunayen masu wasiƙun ba, domin wasu daga cikinsu sirrinsu suka buɗe mana.

Wanda yake da Littafinsa a kusa ya ɗauko, domin za mu riƙa ambaton sura da aya don kowa ya duba da idonsa. Masu tsohuwar fassarar Hausa ta 1932, wadda Likita Miller na Zariya ya yi aikinta tare da abokansa, ku lura cewa wasu sunaye sun bambanta. Inda muka ce Karin Magana ku nemi Misalai, inda muka ce Maimaitawar Shari'a ku nemi Kubawar Shari'a, Mai Hadishi kuwa shi ne Mai-Wa'azi.

WASIƘA TA FARKO

Wata baiwar Allah 'yar zumuntar mata daga ƙasar Biu ta rubuto ta ce: "Malam, ni dai kaina ya ɗaure. Wannan Lahadi a ce mana mu ji tsoron Allah, wata Lahadi a ce Allah Uba ne, mai ƙaunarsa ba ya tsoro. Tun ina yarinya in aka ambaci ranar shari'a sai gabana ya faɗi, har addu'a ta gagare ni. Shin wannan faɗuwar gaban ita ce tsoron Allah?"

To, Mama, mun gode, kuma ki sani ba ke kaɗai ke wannan tambaya ba. Tsoro iri biyu ne. Akwai wanda ke sa mutum ya gudu, akwai wanda ke sa shi ya matso ya durƙusa. In kika ɗaga damin gero kika ga kububuwa a ƙarƙashi, ai ba sai an ce ki ja da baya ba. Amma ki tuna mahaifinki. In ya yi sallama ya shigo gida, kikan gyara zama, ki rage murya, ki kawo masa ruwa a durƙushe, ba ki yin abin da ya hana ko da ba ya nan. Duk da haka ranar da wahala ta same ki, wurinsa kike nufa. Shi ya sa Hausawa suka ce tsoro na daji, kunya na gida. Kalmar Ibrananci da aka fassara mana da tsoro ta ƙunshi duka biyu, firgita da ganin girma, sai an duba wurin da ta zo kafin a san wanda ake nufi.

A Farawa sura 3 Adamu ya ci abin da aka hana shi, da ya ji motsin Ubangiji a gonar sai ya ɓuya a cikin itatuwa, ya kuma faɗa da bakinsa cewa tsoro ne ya kama shi. Wannan shi ne tsoron mai laifi, aikinsa raba mutum da Allah.

Sai ki buɗe Fitowa sura 20, aya 18 zuwa 20. Isra'ilawa suna gindin Dutsen Sina'i, ga tsawa, ga walƙiya, ga hayaƙi, ga ƙarar ƙaho. Jama'a suka ja nesa suna makyarkyata, suka roƙi Musa ya riƙa karɓo musu magana, kada Allah ya yi musu da kansa su mutu. Ki lura da amsar Musa. A cikin aya guda ya hana su firgita, a cikin ayar nan kuma ya gaya musu cewa Allah ya sauko ne don tsoronsa ya zauna a zukatansu ya tsare su daga zunubi. Kin ga ashe ya kori tsoro ɗaya, ya dasa wani a wurinsa.

Ayar da kike ji a wa'azi tana 1 Yahaya 4:18. Manzon ya bayyana irin tsoron da cikakkiyar ƙauna ke kora, wato fargabar hukunci. Wanda ya tuba ya karɓi gafarar Almasihu ba ya zama kamar ɓarawon da ke jiran a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Har ma Zabura 130:4 ta nuna cewa gafarar Allah ce ke haifar da tsoronsa. Wanda aka yafe wa bashin da ba zai taɓa iya biya ba, ai ya fi kowa jin nauyin wanda ya yafe masa.

Kada kuma wani ya ce ashe abin wasa ne. Ibraniyawa 12:28 da 29 ta kamanta Allah da wuta mai ci. Da wuta kike dafa tuwo, ita kike ji da sanyin hunturu, amma ba kya barin yaro ya yi wasa da ita a gindin rumbu.

Yesu ma ya haɗa biyun a zama ɗaya. A Matiyu 10:28 zuwa 31 ya hana almajiransa tsoron mutane, waɗanda ikonsu ya tsaya a kan jiki, ya ce Allah ne abin tsoro. Nan take kuma ya kawo misalin gwarare. A Matiyu ana sayar da biyu a kan ƙaramin kuɗi guda, mu ce kwabo. A Luka 12:6 kuwa biyar ne a kan kwabo biyu. 'Yan kasuwa kun gane lissafin: huɗu aka saya, na biyar gyara ne. To ko wannan na gyara, Yesu ya ce Allah bai manta da shi ba, balle ke. Saboda haka, Mama, faɗuwar gaban da ke hana ki addu'a ba ita ake nema ba. Tsoron Allah na gaskiya addu'a yake sa ki.

WASIƘA TA BIYU

Wannan daga wani ɗan'uwa ce mai awon hatsi a kudancin Jihar Katsina. Ya ce: "Shekarata 14 ina awo. Mudun da nake saye da shi a ƙauye ya ɗan fi wanda nake sayarwa da shi, na biyun an ɗan buga gindinsa. Kusan kowa a layinmu haka yake yi, in ban yi ba riba ba za ta riƙe gidana ba. Amma ba na fashin sujada, ina fid da zakkata, bara ma ni na sayi kujerun majami'armu. Shin wannan bai isa ya shafe wancan ba?"

Ɗan'uwana, da farko mun yaba maka, domin wanda zuciyarsa ta mutu ba ya irin wannan tambaya. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amsar da Littafi Mai Tsarki ya bayar ita ce a'a, bai isa ba. Bari mu bi ta sannu a hankali.

A Littafin Firistoci akwai wurare 5 da aka kafa doka sa'an nan aka rufe ta da umarnin jin tsoron Allah. Sura 19 aya 14 ta hana zagin kurma da sa wa makaho abin tuntuɓe. Aya 32 ta ce a tashi tsaye don mai furfura. Sura 25 aya 17 ta hana cuta a cinikin gona, aya 36 ta hana karɓar ruwa a bashin ɗan'uwan da ya talauce, aya 43 ta hana gallaza wa wanda talauci ya sa yake yi maka bauta. Ka dubi waɗannan mutane da kyau. Kurma bai ji zagin ba. Makaho bai ga wanda ya sa dutsen ba. Tsoho ba shi da ƙarfin tilasta ka. Matalauci ba shi da bakin kai ƙara. Duk wurare ne da ba mai kama ka, ba alƙali, ba shaida. Ka ga inda aka ajiye tsoron Allah ke nan: daidai inda tsoron mutum ya ƙare.

Matar da ta zo rumfarka da yamma da kuɗin mudu biyu a ƙulle a bakin zane, ba ta ga gindin mudunka ba. A wannan ciniki ita ce makauniyar. In a kowane mudu tafi ɗaya kake ragewa, ranar da ka auna mudu 100 ka ɗebe tafi 100 daga tukwanen mutane, kuma ba wanda ya sani sai kai da Mahaliccinka.

Ba sai mun yi dogon fashin baƙi ba, domin an ambaci sana'arka da sunanta. Firistoci 19:35 da 36 ta nemi ma'auni na gaskiya a tsawo da nauyi da awo. Maimaitawar Shari'a 25:13 zuwa 16 ta hana mutum ya ajiye duwatsun sikeli iri biyu a jakarsa, ko mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami, ta kuma kira mai yin haka abin ƙyama ga Ubangiji. Karin Magana 11:1 da 20:10 sun maimaita.

Game da kujeru da zakka kuwa, sai mu je wurin Annabi Amos. Shi mutumin ƙauye ne kamar yawancinmu, makiyayi daga Tekowa kudu da Baitalami, yana kuma kula da itatuwan ɓaure. Wajen shekara 750 kafin haihuwar Almasihu aka aike shi ƙasar Isra'ila ta arewa, lokacin da kasuwa ke ci, wuraren ibada kuma suna cika maƙil. A sura 8 aya 4 zuwa 6 ya kwatanta 'yan kasuwar hatsi na zamaninsa. Suna kiyaye ranar Asabar da bikin sabon wata, ba sa buɗe rumfa, amma suna zaune suna ƙosawa rana ta faɗi su koma su rage mudu, su ƙara nauyin dutsen da ake auna kuɗi, su haɗa har da sharar alkama su sayar. A sura 5 aya 21 zuwa 24 Allah ya ce ba ya son idodinsu, ba zai karɓi hadayunsu ba, ba zai saurari waƙoƙinsu ba, abin da yake nema shi ne adalci ya gudana kamar rafin da ba ya ƙafewa.

Haka Sarki Saul ya yi a 1 Sama'ila sura 15. An ba shi umarni, ya cika rabi, ya ajiye kyawawan tumaki da shanu, da Annabi Sama'ila ya ji kukansu ya tambaya, sai ya ce ai don hadaya aka kawo su. Amsar da ya samu ita ce a wurin Allah jin magana ya fi yanka daraja. Wannan wayo sarautarsa ya ci. Allah ba dillali ba ne da za a ba shi la'ada ya kau da kai.

To yanzu me za ka yi? Yesu ya nuna hanya a Matiyu 5:23 da 24: wanda ya kawo baiko ya tuna wani yana da hakki a kansa, ya fara zuwa ya shirya da shi, sa'an nan ya dawo ya miƙa. Baikon ba a hana shi ba, an dai sa shi a bayan gyara. A Luka sura 19 kuma Zakiyus, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, da ya tuba ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Saboda haka shawararmu uku ce. Na ɗaya, ka fasa mudun nan mai bugaggen gindi, kada ka ba wani, kada ka ajiye shi don wata rana. Na biyu, ka saya ka sayar da mudu ɗaya, ribarka ta fito a farashi inda kowa ke gani. In mudun gaskiya ya fi na maƙwabcinka tsada, ka faɗa wa mai saye dalili. Na uku, abokan cinikin da ka sani ka nemi hanyar mayar musu, waɗanda ba ka sani ba kuwa ka cika wa gwauraye da marayu awo.

Ba za mu yaudare ka ba, wataƙila ribarka ta ragu, wataƙila 'yan layinku su juya maka baya don ka tona musu asiri. Littafi bai yi alkawarin cewa kowane mai gaskiya zai yi arziki ba. Abin da Karin Magana 15:16 ta koyar shi ne kaɗan ɗin da aka samu da tsoron Ubangiji ya fi dukiya mai yawa da ke tafe da tashin hankali. Kai da ka shekara 14 zuciyarka na damun ka har ka ɗauki alƙalami, ka fi mu sanin wannan.

Manoma kuma kada ku yi dariya, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Wanda ke zuba tsakuwa da ƙaiƙayi a tsakiyar buhu ya rufe da mai kyau a sama, da wanda ke cin kunya ɗaya daga gonar maƙwabci kowace shuka, duk jirgi ɗaya ya kwaso ku da mai mudu biyu. Maimaitawar Shari'a 19:14 ta hana gusar da iyakar gona. Sura 24 aya 14 da 15 ta ce a biya ɗan ƙwadago matalauci kafin rana ta faɗi, domin da kuɗin yake jiran cin abinci. Yakubu 5:4 ta ce hakkin masu girbi da aka danne kuka yake yi, kuma Ubangiji yana ji.

Masu hali da ke ba da buhu ɗaya da bazara su karɓi biyu da kaka, ko su riƙe gonar jingina har mai ita ya mutu, su karanta Nehemiya sura 5. Nehemiya ya zo Urushalima wajen shekara ta 445 kafin haihuwar Almasihu, a matsayin gwamna a ƙarƙashin sarkin Farisa. Ya tarar yunwa da harajin sarki sun sa talakawa sun jinginar da gonaki da gidaje, wasu har 'ya'yansu sun shiga bauta a hannun 'yan'uwansu. Ya tara manya ya sa su mayar da gonakin. Shi kansa shekara 12 yana mulki bai karɓi abincin da aka saba tatsa wa gwamna daga talakawa ba, alhali doka ta ba shi, magabatansa kuma sun karɓa. Dalili ɗaya ya bayar a aya 15: tsoron Allah.

WASIƘA TA UKU

Wani saurayi daga wajen Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, yaron shago ne, ya ce maigidansa yakan sa shi ya gauraya tsohon wake mai ƙwari da sabo, in ya nuna damuwa sai a ce masa ai Littafi ya ce a yi biyayya ga na gaba. Yana tambaya wa zai bi.

Ƙanena, gaskiya ne Littafi ya koyar da biyayya ga iyaye da iyayen gida da hukuma. Kolosiyawa 3:22 ma ta hana aikin ganin ido, ta ce a yi aiki da zuciya ɗaya saboda tsoron Ubangiji. Wato ko maigida ya tafi cin kasuwa, ba za ka taɓa aljihun teburinsa ba. Amma ka lura, tsoron Allah ne tushen wannan biyayya, saboda haka shi ne kuma iyakarta.

A Fitowa 1:15 zuwa 21 Fir'auna ya kira unguwarzoma biyu, Shifra da Fu'a, ya umarce su su kashe duk jariri namiji da matan Ibraniyawa suka haifa. Mata ne marasa sarauta, a gaban sarkin da ke da ikon yanke musu kai. Suka ƙi, kuma dalilin da aka rubuta shi ne sun ji tsoron Allah. Sunan wancan Fir'auna ba a rubuta shi a labarin ba, amma nasu yana nan har yau. Haka manzanni suka amsa wa majalisa a Ayyukan Manzanni 5:29, cewa inda umarni biyu suka yi karo na Allah ne a gaba. Wanda ya ji tsoron Allah sosai, tsoron mutum yakan ragu a ransa.

Amma ƙin yin algus ba izinin rashin kunya ba ne. Ka same shi shi kaɗai, ka durƙusa, ka ce: Maigida, duk aikin da ka sa ni zan yi, dako ko shara ko tsaron dare, wannan ɗaya dai ka yafe mini. In ya ƙi, ka nemi wani dattijo da yake jin nauyinsa ya sa baki. Yana yiwuwa ka rasa aikin, shi ya sa muke kira ga dattawan ikkilisiya kada su bar irin waɗannan yara su ɗauki asarar su kaɗai. Iyayen gida kuma su duba Kolosiyawa 4:1, su tuna su ma suna da Maigida a sama.

WASIƘA TA HUƊU

Ta ƙarshe daga wani dattijo ce manomin masara a yankin Saminaka. Ya ce a zamaninsu in an shiga majami'a ko tari ba a yi, yanzu kuwa sai ganga da rawa, yana ganin tsoron Allah ya ƙare a sujada.

Baba, ranka ya daɗe, akwai gaskiya a damuwarka. Mai Hadishi sura 5 ta gargaɗi mai zuwa ɗakin Allah ya kula da takunsa, ya fi ba da kunne a kan yawan magana, in kuma ya yi wa'adi ya cika ba da jinkiri ba. Masu hira a lokacin karatu, da masu tashi a gaban jama'a su yi alkawarin buhu biyar don a tafa musu sa'an nan a neme su a rasa, wannan sura da su take.

Sai dai, Baba, ganga da kanta ba ita ce laifin ba. Sarki Dawuda ya yi rawa da dukan ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari a 2 Sama'ila sura 6, Zabura 150 ta lissafa kayan kiɗa, Zabura 2:11 kuma ta haɗa murna da rawar jiki a aya guda. Haka nan shiru da kansa ba shaida ba ne. Ishaya 29:13 ta yi kuka da mutanen da bakinsu ke kusa da Allah zuciyarsu na nesa, tsoronsu kuma al'ada ce kawai da suka haddace daga mutane. Yesu ya maimaita wannan a Markus sura 7 a kan waɗanda ke cewa dukiyarsu ta Allah ce don su guje wa ciyar da iyayensu.

In kana so ka auna tsoron Allah a sujada, ga mudun da Annabi Malakai ya bayar a sura 1 aya 6 zuwa 8. Allah ya tambayi firistoci, in shi Uba ne ina girmansa, in shi Maigida ne ina tsoronsa. Shaidar da ya kawo ita ce dabbobin da ake miƙa masa: makafi, guragu, marasa lafiya. Ya ce su gwada kai wa gwamnansu irin wannan su gani ko zai karɓa. To ga bikin godiyar kaka yana tafe. Kowa ya dubi abin da ya ware. Masarar da ka zaɓa don iri ce, ko wadda ruwa ya taɓa? Akuyar da za ka iya kai wa hakimi ce, ko wadda mahauta suka ƙi taya? Allah ba ya cin masara, amma abin da ka ware yana faɗin matsayin da ka ba shi.

Ba yawa ake nufi ba. A Markus 12:41 zuwa 44 Yesu ya fifita gwauruwar da ta saka 'yan tsabar kuɗi biyu a kan attajirai. Maimaitawar Shari'a 14:22 da 23 kuma ta bayyana dalilin fid da kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona: don manomi ya koyi tsoron Ubangiji kullum, ya tuna cewa shi ya yi huɗa amma ba shi ya saukar da ruwa ba. Aya 28 da 29 sun ƙara da cewa duk shekara ta uku a tara wannan rabo a gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Ka ga ko a nan sujada ba ta rabu da tukunyar maƙwabci ba.

Saboda haka, Baba, ku dattawa ku koya wa yara natsuwa a lokacin addu'a da karatu, ku bar su su yi murna a lokacin waƙa. Sa'an nan ku sa ido ranar kasuwa, domin a can za ku gane wanda ya yi sujada ranar Lahadi.

Jama'a, Mai Hadishi ya bincika dukiya da ilimi da jin daɗi da wahalar aiki, a ƙarshen littafinsa, sura 12 aya 13 da 14, ya tattara duka a abu biyu, tsoron Allah da kiyaye umarninsa, ya kuma tuna mana cewa har abin da aka yi a ɓoye za a kawo shi gaban shari'a. Wanda ya san Allah yana ganinsa, ya kuma san Uba ne mai gafara, mudu ɗaya yake riƙewa, da shi yake saye, da shi yake sayarwa, da shi yake auna baikonsa.

Aikin gida na wannan mako shi ne kowane maigida ya tara iyalinsa a karanta Littafin Firistoci sura 19 daga farko har ƙarshe, wanda bai iya karatu ba ya sa ɗansa ɗan makaranta ya karanta masa. Ɗan'uwanmu mai awo da ƙanenmu na Maraɗi, muna jiran wasiƙunku mu ji yadda ta kaya, muna kuma roƙon masu sauraro su sa su a addu'a. Waɗanda suka aiko da tambaya a kan rantsuwa a ciniki su yi haƙuri, tasu ce za mu fara da ita a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Ubangiji ya tsare ku a gona da kan hanya da cikin kasuwa. Ku huta lafiya.